Mako Bakwai a Agege

Na bar Kumasi da jaka ɗaya,
kwalin alli, da takardar ƙungiya
mai cewa: mako bakwai, babu albashi,
abinci sau biyu, katifa a ɗakin Iya Ronke.
Na ƙetare iyaka uku ina bitar darasin farko a zuci.

Ajinmu shago ne a bayan layin dogo,
da rana ɗinki, da dare Turanci.
In jirgi ya zo wucewa allo ya kama rawa,
sai mu yi shiru
har ya gama faɗin tasa.

Ɗalibaina duk sun girme ni.
Illo mai dakon albasa daga Mil Sha Biyu,
Baraka mai kunun gyaɗa, 'yar Tawa,
Baba Jibo da ya shekara goma yana gadin wani gida a Ikeja
bai taɓa sanin abin da aka rubuta a ƙofar ba.

Daren farko na dubi Baraka na ce,
"Kai, tashi ka karanta."
Aji ya tuntsire.
Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce,
"Malama, ni mace ce tun ba a haife ki ba."
Hausar zangonmu ke nan, ta zubar da mata a hanya,
can inda kakana ya bi da jakunan goro.
Muka ƙulla ciniki:
ni in ba su Turanci,
su su maido mini da abin da ya faɗi.

Turancin da na kawo a goge, a ninke,
Legas ta tauna shi ta furzar.
Yaron danfo ya yi mini magana sau uku,
Baba Jibo ne ya fassara.

Sai ruwa. Ba irin wanda na sani ba.
Kwata ta shigo aji ba sallama,
muka ɗora ƙafafu kan benci,
wuta ta ɗauke, waya shida suka haska allo,
muka ci gaba da jiya, yau, gobe,
takalmin wani yana iyo ya nufi ƙofa.

Illo yana da wata takarda a leda,
ninki huɗu, cikin aljihun ƙirji.
Ya kan taɓa ta kamar mai ciwon haƙori.
Na ce kawo in duba maka.
Ya ce, "In karanta mini nake so,
ai da na ba yaron kemis."
Daga makarantar 'yarsa Zali ta fito,
da jan biro a ƙasa.
Shi kuwa jan biro bai san shi da komai ba sai bashi,
ko kora.

Mako na shida ya warware ta.
Yatsa a kan layi, harafi bayan harafi,
kamar mai tsallaka titin Oshodi da kaya a ka.
Ba wanda ya yi tari.
Ya kai ƙarshe, ya koma farko.
Ya ɗago kai:
"Wai tana da ƙoƙari.
Wai surutu ya yi mata yawa."
Ya yi dariya har ya share ido da ledar.
"Uwarta ce," ya ce, "uwarta sak."

Ban san nawa suka riƙe ba.
Baraka har yau ba ta shiri da baƙaƙen da ake rubutawa ba a furtawa,
ta ce asarar alli ce.

Ranar tafiya na bar musu sauran kwalin.
A Seme jami'i ya buɗe jakata,
ya ga albasa goma sha biyu cikin rigunana.
Ya ce sayarwa za ki yi?
Na ce a'a,
albashina ne.